Mai Kiwon Galinifa

Wani mutum ne a Bomo, ba zan kama suna ba, don har gobe muna gaisawa. Abu biyu aka san shi da su. Na farko kiwo. Ka ba shi ragon da iska ke kayarwa, ka je ka dawo, sai ka yi sallama kafin ka shiga garken. Na biyu gashin baki. Kai, gashin bakin nan! Baƙi wuluk, ya tafi dama ya tafi hagu, kowane gefe ya lanƙwasa sama kamar ƙahon ragunansa. Yana da ɗan matajinsa a aljihun gaba. Man shanun da matarsa Dorkas ke ɓoyewa don miya, rabinsa a nan yake ƙarewa. In zai sha koko sai ya ɗage shi da yatsa biyu. Ya taɓa fasa zuwa bikin ƙaninsa don hadari ya haɗo, ya ce ba zai kai gashin baki cikin ruwa ba.

Ciwonsa ɗaya ne, ba a fin Bomo. Duk abin da ka ce ka gani a duniya, akwai ubansa a Bomo. Ka ce ka ga kabewa a Jos mai girman tulu, zai ce a Bomo cikin kabewa ake ɗaure akuya. Ka ce ruwa ya yi ɓarna a Legas, zai ce ai yayyafin Bomo ne ya gangara can.

Kullum da la'asar yakan shigo Samaru, ya zauna a teburin mai shayi kusa da tasha. A nan majalisarmu take. Alƙalin majalisar Baba Cindo ne, tsohon dillalin dabbobi. Shi Baba Cindo hannunsa ba ya jin magana. In ya ga abu mai ƙiba, ko ragon wa ne, sai ya matsa ƙeya, ya danna gadon baya, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan ya nemi mai shi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, maigida. Kiwo ya yi kyau. Nawa za ka sayar?" Mutumin namu ya sha jin wannan magana a garkensa, kuma ba abin da yake masa daɗi kamarta. Akwai kuma wani wanzami da ke kafa kujerarsa a gefen teburin, ba ya yawan magana, sai wasa aska. Sai Felix, ɗalibi ne mai karatun ƙwari a jami'a, kansa kullum a cikin waya.

Ranar nan damina ta yi nisa, sauro ya fara fitowa tun rana ba ta faɗi ba. Mai shayi ya kai wa wuyansa mari, ya duba tafin hannu, ya ja tsaki.

"Sauron bana ba shi da tarbiyya," in ji shi.

Felix ya ɗago kai. "Ku gode wa Allah. Wannan ai jariri ne. A Amurka akwai wani babba, gallinipper ake ce masa."

"Gali me?"

"Gallinipper. Turawan ma ba kowa ya san kalmar ba."

Majalisa ta ɗauki kalmar ta jujjuya a baki, ta tauna, ta fito da galinifa. A haka ta zauna.

Felix ya juyo da waya, kowa ya miƙa wuya. Ga wani ƙaton sauro a bayan hannun wani Bature, ƙafafu zaro-zaro har da gashi.

"Ta cikin wando yake cizo," in ji Felix. "Serious. In ya cije ka sai ka waiwaya ka ga wa ya soke ka."

Aka yi ta salati. Mutumin namu ya fito da mataji, ya taje dama, ya taje hagu, ya mayar aljihu. Duk wanda ya san shi ya san Bomo na tafe.

"Wannan ne galinifan?"

"Shi ne, Baba."

"Allah sarki Amurka. Wannan ai a Bomo yara ke wasa da shi. Akwai kududdufi a bayan gidana. Na can in ya sauka a kan karan dawa, sai karan ya sunkuya. Shekaranjiya ɗaya ya shigo tsakar gida, kaji suka watse, sun ɗauka shirwa ce."

Baba Cindo ya ajiye kofi. "Kai, mun gaji. Kabewa ba mu gani ba. Kifin da ka ce ya haɗiye guga ba mu gani ba. Wannan karon ka kawo mana shi nan, da ransa, mu aza shi kusa da hoton yaron nan. Mun ba ka zuwa ƙarshen wata."

"Shi ke nan? Ai na ɗauka abu mai wuya za ka ce."

"In ka kawo," in ji Felix, "ni zan share maka garke har in gama makaranta. Kuma in sa hotonka a project ɗina."

"In bai kawo ba fa?" in ji mai shayi.

Sai wanzamin nan, wanda ya shekara da shekaru yana kallon abin nan yana haɗiyar yawu, ya ce a hankali, ko kai bai ɗago ba:

"Gashin baki."

Mutumin namu ya so ya ja da baya. Amma ido ya yi yawa, har 'yan acaɓa sun matso. Ya murza gefen dama, ya ce, "Na sa."

Tun a hanyar Bomo ya fara nadama. Yana tafe yana shafa shi, yana ba shi haƙuri.

Washegari ya ɗauki rariyar Dorkas da wani tsohon ɗankwalinta ya nufi kududdufi. Ya yi ta kamu. Ya kama na bakin ruwa, ya kama na cikin ciyawa, ya shiga har gwiwa ya kama na tsakiya. Duk wanda ya ɗaga ya duba, ɗan firit, ƙafa kamar zare. Ko ɗaya babu wanda zai firgita ɗan tsako, balle kaza. Ya zauna a kan dutse ya yi tagumi. Can sai ya hango ragunansa ta saman danga suna tuƙa, kowanne wuya ya yi ninki. Ya zabura ya miƙe.

"Kai, ni ma da wauta! Wane rago aka haifa da ƙiba? Galinifa ai sauro ne da ya samu mai kiwo. Turawa riga mu turke shi kawai suka yi."

Nan take ya koma kamu, amma yanzu da zaɓe, irin na kasuwar dabbobi. Mai gajeren ƙafa ya sake shi. Mai ƙaramin ƙirji ya sake shi. Wanda ya yi sanyi-sanyi ya ce wannan ba zai karɓi kiwo ba. Ya tara masu ƙashin girma, ya kwashe kayan ɗakin ajiya, ya ɗaura gidan sauro, ya sake su a ciki. Ya zuba dusa a murfin kwalba, ya ajiye ɗan gutsuren kanwa, ya yayyanka harawa ƙanana-ƙanana. Ya ja ƙofa, ya ce kowa ya rage hayaniya, dabba ba ta son damuwa.

Ko kallon dusar ba su yi ba. Suka manne a jikin raga suna kuka. Kafin a jima wasu sun fara zubewa ƙasa. Hankalinsa ya tashi, ya sa riga ya hau mota sai Sabon Gari.

A unguwar PZ akwai shagon Oga Tochi mai maganin dabbobi, a nan yake sayayya. Ya ƙudurta ba zai faɗi abin da yake kiwo ba, kada labari ya riga shi isa Samaru, kada kuma Tochi ya sace masa dabara.

"Customer! Kwana biyu. Yaya rago, yana lafiya?"

"Lafiya lau. Sabon kiwo na fara, sun ƙi cin abinci."

"Akuya ne?"

"Bai kai akuya ba."

"Zomo?"

"Yana da fiffike."

"Oho, kaza. Na ƙwai ko na nama?"

"Yana ƙwai dai. A ruwa."

"Agwagwa ke nan! Ka faɗa mana tun farko. Guda nawa?"

"Ba sa tsayawa a ƙirga."

"Ba sa tsayawa? To ka kama ɗaya, ka ɗaga ƙafa biyu ɗin, ka duba ko..."

"Shida ne."

"Shida me?"

"Ƙafafun."

Oga Tochi ya ajiye biro. Ya zare tabarau. Ya leƙa waje ya dawo. "Oga, abeg, wetin you dey rear?"

Mutumin ya matso, ya rage murya. "Irin Amurka ne."

Da jin Amurka sai fuskar Tochi ta saki. A Sabon Gari in ka ce abu na waje ne, ko kai uku gare shi ba mai musu.

"Ehen! Foreign breed! Shi ya sa. Na waje ba ya cin abinci anyhow. Ka saurara, customer. Kar ka tilasta shi ya ci abin da kai kake so. Ka duba abin da shi yake so, wannan abincin za ka gyara. Abinci ya yi kyau, dabba ya yi kyau." Ya sauko da wata leda ta garin ƙiba. "Wannan gari, da dusa, da ƙuli, da kanwa kaɗan, duka ka ɗura a cikin abincin nasa. Safe, rana, yamma."

"A cikin abincin?"

"A ciki. Kuma abincin kar ya sha rana. Ka ajiye shi a inuwa, wuri ɗaya, kusa da su. Duk lokacin da suka so, su same shi."

A motar komawa ya yi ta lissafi. Me sauro yake so? Jini. Jinin wa? Ya tuna da ragunansa, ya ce a'a, waɗannan na kasuwar Sallah ne, ba za a ɓata musu fata ba. Da ya isa gida ya tarar da Dorkas tana tankaɗe. Ya tsaya yana kallon damatsanta, yana gyaɗa kai.

"Baban Mark, lafiya kake kallona haka?"

"Ba komai. Na ga kamar kina da jini."

"Ina da taɓarya kuma."

Ya gane wannan hanya ba ta ɓullewa. Saura mutum ɗaya a gidan.

"To kwaɓa min dusa da ƙuli, ki zuba garin nan, ki ɗan sa kanwa."

Ta kwaɓa a daro kamar yadda ta saba, ta nufi garke.

"Ina za ki? Nan za ki kawo. Da cokali."

Dorkas ta tsaya da daro a hannu. Ya zaunar da ita ya warware mata komai, tun daga wayar Felix har zuwa askar wanzami. Ya ɗauka za ta ɗora hannu a ka. Ita kuwa da ta ji abin da aka sa a caca, sai idonta ya yi haske. Shekara nawa tana miya ba man shanu saboda gashin nan? Shekara nawa tana tsintar shi a kofi?

"Wato in sauron bai yi ƙiba ba, aske shi za a yi?"

"Ƙwal."

"Allah sarki. Ci maza, maigida, kada ya huce. In ƙaro ƙuli?"

Ya cinye daro guda yana yamutsa fuska, ya lashi kanwa, ya kora da ruwa. Ya tuɓe daga shi sai gajeren wando. Ya samu tsumma mai tsabta ya naɗe gashin baki, ya ɗaure ta ƙeya, don ko kiwo yana da iyaka. Sannan ya ɗaga raga ya shiga.

Jama'a, sauron da ya wuni bai ci ba! Suka taso masa gaba ɗaya. Ya cije, ya runtse ido, yana cewa, "Ku ci, ku ci, don ku aka yi." Amma hannun mutum bai san caca ba. Wani ya sauka a cinyarsa, hannu ya tashi da kansa, tas! Ya buɗe ido ya duba. Wanda ya fi kowa ƙirji ne, wanda ya ɗora wa buri, ga shi yana shure-shure.

"Dorkas! Wuƙa! Kawo wuƙa kafin ya zama mushe!"

Ta shigo a guje da wuƙar yanka albasa. Ta duba cinya, ta duba miji.

"A ina zan kama maka wuyan?"

Kafin a samo wuyan, rai ya yi halinsa. Mutumin ya yi zaman makoki na ɗan lokaci, sannan ya ce ba zai sake amincewa da hannunsa ba. Ya sa ta ɗauko igiyar rago ta ɗaure masa hannu biyu ta baya. Ya ce ƙafar ma tana kai shuri. Sai ta kafa turke a tsakiyar ɗakin ta haɗa da ƙafar. Ɗauri kuwa ta yi shi da zuciya ɗaya.

Haka aka shiga kiwo. Safe daro, rana daro, yamma daro, Dorkas ce ke ba shi a baki. Ba gona, ba Samaru, ba rana, yana inuwa wuri ɗaya kamar yadda Oga Tochi ya ce. Dorkas ta gaya wa maƙwabciyarta tun da aka yi auren ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin wannan ba, ko yaushe ta san inda mijinta yake. Maƙwabciya ta gaya wa tata maƙwabciyar. Ɗaliban da ke haya a layin suka fara zuwa aron ashana, kowa ya ara sai ya bi ta tagar ɗakin ajiya.

Duk la'asar in sun ƙoshi, sai ya ga cikinsu ya yi ja ya kumbura, ya ƙwala kira.

"Dorkas! Zo ki gani! Sun fara karɓa!"

Da safe sai ya ga sun koma yadda suke.

"Dorkas, sun sace."

"Abincin ne bai isa ba. Bari in ƙara dusa."

Da zazzaɓi ya kama shi, ta je kemis ta karɓo magani. Yana rawar ɗari haƙora na haɗuwa, amma ya rufe baki gam, wai sai an tabbatar masa ba zai taɓa lafiyar garke ba. Ta toshe masa hanci ta ɗura, irin yadda shi yake yi wa raguna. Ya warke, cikinsa ya ƙara buɗewa. Da can daro ɗaya yake sha da ƙyar, yanzu yana gamawa yana leƙen ƙasan daron. Har harawa ya fara tambaya ko da saura.

Kiwo fa ya karɓa, sai dai ba inda aka nufa ba. Wuya ya yi ninki. Kumatu suka sauko. Abin da dusa ba ta cika ba, cizo ya cika. Igiyar hannu sai da aka ƙara mata tsawo. Su kuwa mutanen raga, wasu suka mutu don tsufa, wasu suka gudu ta ɓula, sauran suna nan yadda Allah ya yi su.

Wata ya ƙare. Ya sa aka kwance shi. Ya bi garken ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda a idonsa ya fi kowa cika, ya lallaɓa shi cikin kwalbar zuma, ya huda murfin. Ya kwance tsumman, gashin baki ya fito lafiya lau, ya sha man shanu, ya taje. Wando ya ƙi shiga. Riga ta tsaya a ƙirji. Sai babbar rigar surukinsa aka aro. A bakin titi mai Keke mai ƙafa uku ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi kaɗai zai ɗauka a baya, kuma ya zauna a tsakiya don kada a kife.

A Samaru labari ya riga shi. Teburin mai shayi ya cika, 'yan acaɓa sun kashe mashina, ɗalibai sun ɗaga wayoyi. Wanzami ya zo da sabon sabulu. Keke ya tsaya, wani ƙaton mutum ya fito da baya-baya, rungume da kwalba.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Bawan Allah, wa kake nema?" in ji mai shayi.

"Ni ne fa."

Aka dudduba. Felix ne ya ce, "Wait. Wannan gashin bakin na san shi."

Aka ba shi benci guda shi kaɗai. Ya ajiye kwalbar a kan tebur a hankali, ya ja baya, ya murza gefen dama.

"Ga galinifan Bomo. Yara su matsa."

Kowa ya sunkuya. Aka duba ta gaba, aka duba ta baya. Mai shayi ya ɗaga kwalbar ya kalli rana da ita.

"Ina yake?"

"Ga shi can a ƙarƙashin murfi. Kada ka girgiza shi, yana da zuciya."

Felix ya jingina wayarsa a jikin kwalbar, hoto ga kwalba. Na hoto ya cika bayan hannun Bature. Na kwalba sai an nuna maka da tsinke.

"Baba, wannan normal sauro ne. Irinsa ne a ɗakinmu."

"Normal a gidanku! Hanya ce ta zuge shi. Baba Cindo, kai shaida ne, ko rago in ya sha mota daga kasuwar ƙauye ai sai ya faɗa. A bar shi ya ci abinci tukuna."

Baba Cindo ya ce wannan magana ce ta masu kiwo, a bar shi. Mutumin ya buɗe murfi, ya kife bakin kwalbar a damtsensa. Sauron ya san wurin, ya sauko ba gardama. Jama'a suka zuba ido. Ya sha, ya sha, cikinsa ya yi ja. Ya zare baki, ya koma jikin kwalba ya zauna.

"Kun gani? Kun ga ƙirji?"

"Mun gani," in ji mai shayi. "Da sauro ne mai jin yunwa, yanzu sauro ne da ya ƙoshi."

Wurin ya ɓarke da dariya. Mutumin ya fara zufa. Ya ce a ƙara masa wata ɗaya. Aka ƙi. Ya ce iri ne bai samu mai kyau ba, a bar shi ya nemo na garin Zabi ya haɗa. Aka ƙi. Ya ce to a duba jikinsa, ƙaramin sauro zai iya wannan aiki? Baba Cindo ya ce caca a kan sauro aka yi, ba a kan aikinsa ba. Ya juya wajen wanzami.

"Bismillah."

Wanzamin ya riga ya kaɗa kumfa. Aka zaunar da mutumin a kujera, kujerar ta yi ƙara. Ya riƙe hannun wanzami.

"Don Allah ka bar min gefe ɗaya."

"Wanne?"

Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya kasa zaɓa. Idonsa ya kawo ruwa. Ni da nake ba ku labarin nan, wallahi sai da na ji tausayinsa, don tun ina yaro nake ganin gashin nan yana shigowa Samaru kafin mai shi. Aska ta bi dama sau ɗaya, ta bi hagu sau ɗaya. Aikin shekaru ya zube a kan babbar rigar aro. Ya roƙi mai shayi takardar naɗe burodi, ya tsince shi ɗaya-ɗaya, ya ƙunshe, ya sa a aljihun da mataji yake. Hannunsa ya tafi murzawa kamar kullum, ya tarar da fili.

Wanzami ya goge kumfa, fuska ta fito gaba ɗaya, ba abin da ya tare ta. Kumatu luhu-luhu, haɓa biyu, ƙeya ta yi tudu tana sheƙi. Dariyar ta tsaya, kowa ya saki baki.

Baba Cindo ya taso a hankali. Ba da niyya ba, hannun ne. Ya matsa ƙeyar. Ya zagaya ya danna gadon baya da babban yatsa, yatsan ya nutse. Ya kama leɓen da aka aske yanzu ya ɗaga, ya duba haƙora. Ya ja da baya ya gyaɗa kai. Sannan ya juya wajen tebur, ya gyara hula, ya rusuna a gaban kwalbar.

"Sannu da ƙoƙari, maigida. Kiwo ya yi kyau. Nawa za ka sayar?"